Jinginar gida ga banki: abin da ya kamata a sani kafin a sa hannu

Jama'a masu saurarenmu na Filinge da ƙasar Kurfai, da ƴan uwa da ke ci-rani a Abijan, Akara da Kwatano, jinginar gona kun san ta: an biya kuɗi, gona ta koma hannun mai ita. Jinginar gida ga banki ko asusun bada rance, dokarta daban ce.

Nijar na cikin ƙasashe 17 masu bin dokokin kasuwanci na OHADA. Dokar jingina da aka sabunta a Lome cikin Disamba 2010 ta ce gida mai takardar mallaka ta gwamnati, wadda ake kira titre foncier, shi ake jinginarwa, kuma sai an rubuta jinginar a ofishin rajistar filaye. Kana nan zaune cikin gidanka, amma bashin na bin gidan, ko da ka sayar da shi ga wani.

In biya ya gagara fa? Mai bashi ba ya da ikon zuwa ya fidda iyali da ƙarfi. Sai an aiko maka takardar gargaɗi, a ba ka kwana 20. Bayan nan kotu na iya sa a yi gwanjon gidan, a biya bashin, saura a ba ka. In gidan nan ne kake kwana da iyalinka, mai bashi ba ya iya roƙon alƙali ya mallaka masa shi, amma wannan bai hana gwanjo ba.

Sannan masu bada bashi yanzu suna jin labarin juna. Tun 2016 kamfanin Creditinfo, da izinin babban bankin BCEAO, ke tattara bayanan masu cin bashi a ƙasashe 8 na UEMOA. Wanda ya ƙi biya a Yamai, ana ganin sunansa a Abijan. Wanda ya biya a kan lokaci kuwa, shaida ce gare shi. Kana da haƙƙin ganin bayananka kyauta sau ɗaya a shekara, ka kuma nemi gyara in akwai kure.

Don haka ƴan ci-rani, in an kira ku kan maganar jinginar gidan gado, ku tambaya: nawa ne bashin, wata nawa za a biya, kuma magada duka sun yarda? A samu mai karatu ya karanta takarda kafin a dangwala yatsa.