Ko Kun Sani? Rufin Tsohuwar Land Rover Kwancewa Ake Yi

Ko kun san cewa tsohuwar Land Rover, irin wadda dattawan Kankiya da Kusada suka sani tana ratsa yashi da laka zuwa ƙauyuka tun kafin kwalta ta yawaita, ba walda aka yi wa rufinta ba? Da notuna aka ɗaure shi.

Da aka fito da ita a Ingila a 1948, a buɗe take, rufin tamfol ma sai mai saye ya ƙara kuɗi. Daga baya aka kawo rufi mai ƙarfi. Ƙarancin ƙarfe bayan Yaƙin Duniya na Biyu ya sa aka ƙera jikinta da alminiyum, shi ya sa rufin ba ya tsatsa, kuma bai kai girmansa nauyi ba.

Makanike kan fara da cire ƙofar baya da wayar fitilar ciki, sannan ya bi notunan saman gilashin gaba da na gefen bodi da sifana. Nan wahalar take: notunan na ƙarfe ne, in sun daɗe manne da alminiyum sukan ciza, sai an jiƙa su da mai an yi haƙuri. Mai gaggawa ya kawo guduma, ya lotsa abin da samunsa ke da wuya yau, abin takaici. Da sun kwance, majiya ƙarfi kaɗan sun isa su ɗaga rufin. Har gilashin gaban ana iya kwantar da shi a kan bonet.

An daina ƙera Defender ta asali, jikar wannan mota, a Janairun 2016.