Ƙari Wajen Haihuwa: Abin da Ya Kamata Ku Sani

Idan aka ce an yi wa mai jego ƙari, ana nufin sa'ad da kan jariri ya danno, ungozomar asibiti ko likita ta sa almakashi ta ɗan tsaga naman da ke tsakanin gaba da dubura don hanya ta ƙara faɗi. Akan fara yin allurar kashe zafi a wurin, kuma a karkace aka fi yin yankan, don kada ya zarce zuwa dubura. Mabiyiya na faɗowa sai a ɗinke da zaren da ke narkewa da kansa, ba sai an koma cire shi ba.

A da, kusan duk mai haihuwar fari sai an yi mata, wai gara yanka da ɓarkewa. Bincike bai gaskata wannan ba. A 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada a mayar da ƙari al'ada ga mai haihuwa da kanta. Yana da lokacinsa: idan bugun zuciyar jariri ya nuna ya galabaita, ko za a jawo shi da na'ura, ko kafaɗarsa ta maƙale. Don haka ba rashin kunya ba ne mace ta tambayi dalili, kuma haƙƙinta ne a nemi yardarta tukuna.

Kada a haɗa shi da yankan gishiri, wanda wanzami ko ungozomar gida ke yi da aska idan naƙuda ta yi tsawo. Wannan yanka ne a makance, sau da yawa yakan huda mafitsara, ya bar mace da yoyon fitsari. Asibitin Babbar Ruga da ke Katsina ya daɗe yana gyaran irin wannan ɓarna.

Ɗinkin ƙari yakan warke cikin 'yan makonni. A riƙa wankewa da ruwa mai ɗumi, a tsane, a yawaita shan ruwa da cin ganye don bayan gida ya yi laushi. Iyayenmu masu wankan jego su yi haƙuri, tafasasshen ruwa ƙona wurin yake yi, ba gasa shi ba. In kuwa aka ga zazzaɓi, ko mugunya, ko wari, ko ɗinkin ya buɗe, a koma asibiti ranar, kada a jira sai an yi arba'in.