Gyaran Tankin Ruwa Da Ya Yi Gansakuka

Jama'a, tankin siminti na bayan gida in an bar shi buɗe, rana na dukansa, ganye da ƙura na faɗawa, ba ya daɗewa ruwan ya koma kore shar, sauro ya sami wurin zuba ƙwai. Waɗansu su kan sayo garin kulorin su watsa, su ce an gama. Wannan asarar kuɗi ce, gama dauɗa ita ke fara cinye maganin, ƙwayoyin kwalara da na taifot su tsira. Aikin bi da bi a ke yinsa.

Da fari a kwashe ruwan a ba shuka, a yashe laka, a goge bango da burushi, a ɗauraye. In tankin mai zurfi ne, kada mutum ya shiga sai da wani a bakinsa. In an sake cikawa aka ga ruwan da gurɓi, a jiƙa alif a zuba, ko garin 'ya'yan zogale, a bari ya kwana, a tsiyaye na sama.

Sa'an nan a gwada tsamin ruwan. Ma'aunin nan sunansa pH, daga 0 zuwa 14 ya ke, 7 ce tsakiya. Ƙasa da 7 wajen lemun tsami ke nan, sama da 7 wajen kanwa. Akwai 'yar takardar gwaji mai sake launi. Abin nema 7.2 zuwa 7.8, watau abin da masu kula da wuraren iyo na otal ke riƙewa. In tsami ya yi yawa ya kan ci siminti da ƙarfe, sai a sa sodar wanki kaɗan. In ya wuce 8, kulorin ya kan yi sanyi.

To, yanzu magani. Garin kulorin mai ƙarfin kashi 65 zuwa 70 bisa ɗari, giram 3 ga lita 1,000 ta ruwa mai haske. A dama a bokiti, a zuba, a motsa, a jira minti 30, ko awa guda in pH ya wuce 8. Kada a gama shi da asid, hayaƙinsa guba ne. Kada kuma ruwan ya shiga tafkin kifi, su mutu.

Daga ƙarshe a yi wa tankin murfi. Rana ke rayar da gansakuka, ita ce kuma ke kashe kulorin. Allah ya ba mu lafiya, amin.