Hanta Tana Toho Kamar Kututture, In An Bar Ta Ta Huta

Jama'a manoma da makiyaya na Sae Sabuwa da Gidan Rumji da Agye da Gazawa, babu wanda bai san madaciya ba a cikinmu. Ranar Layya, in an feɗe rago, a hankali ake cire ta daga jikin hanta, don in ta fashe nama ya yi ɗaci. Daga nan sai a jefar da ita. Shi ya sa muke ɗaukar ta abin banza. Alhali kuwa masana sun gano cewa ruwan nan mai ɗaci yana cikin abubuwan da ke sa hanta ta sake girma bayan ta ji rauni.

Mene ne aikin madaciya?

Hantar babban mutum ta kai nauyin kilo ɗaya da rabi. Ita ce ke tace jini, tana adana abinci, tana karya dafi. Kullum tana yin ruwan madaciya, daga rabin lita zuwa lita ɗaya. Ƴar jakar nan da muke cirewa ma'ajiya ce kawai. In mutum ya ci abinci mai maiƙo, kamar ƙuli-ƙuli ko nama, sai ruwan ya zuba cikin hanji. A cikinsa akwai wani sinadari da ake kira gishirin madaciya, wanda ke narkar da mai kamar yadda sabulu ke yi wa tukunya. Jiki ba ya ɓarnar gishirin nan. Kashi 95 cikin 100 yakan koma wa hanta ta hanyar jini, a sake aiki da shi sau da yawa a yini.

Yadda hanta ke sake girma

Tun wajen 1983 manoman jihar Maraɗi suka rungumi sassaben zamani, kuma mutanen Ɗan Saga ta ƙasar Agye sun yi suna a kansa. Mun ga yadda kututturen sabara ko kalgo ke toho muddin saiwarsa tana da rai. Hanta ma haka take. A 1931 wasu masana biyu a Amurka, Higgins da Anderson, suka yanke kashi biyu cikin uku na hantar ɓeraye. Cikin kwana 7 zuwa 10, ragowar ta girma har ta maida nauyinta na da, sa'an nan ta tsaya. Ta mutum takan ɗauki makonni ko watanni.

To, wa ke gaya wa hanta ta fara girma, wa kuma ke ce mata ya isa? A cikin ƙwayoyin hanta da na hanji akwai wani makarɓi, wato kamar kunne mai jin yawan gishirin madaciya. Sunansa FXR, kuma a 1999 aka tabbatar da aikinsa. In wani sashe na hanta ya lalace, gishirin da ke dawowa daga hanji bai ragu ba, amma masu karɓarsa sun ragu. Kamar gayya ce da rabin mutanenta suka tafi, gona kuwa tana nan yadda take. Da makarɓin ya ji kaya sun yi yawa, sai ya ba da umurni: a rage yin sabon gishiri, a fitar da wanda ya taru, ƙwayoyin hanta su hayayyafa. In hanta ta cika, kaya suka daidaita, sai girma ya tsaya.

A 2006 masana a birnin Hustan na Amurka suka gwada wannan. Ɓerayen da aka ƙara wa gishirin kaɗan a abinci, hantarsu ta yi saurin cikowa. Waɗanda aka rage wa shi, da waɗanda ba su da FXR, tasu ta yi jinkiri. A 2013 kuma masana a Faransa suka nuna aikin makarɓi na biyu, TGR5, wanda ke rage kaifin ruwan don kada ya ƙone hanta tana cikin warkewa.

Kada a sha madaciya

A nan sai mu yi hattara. Gishiri kaɗan ke gyara miya, in ya yi yawa ya ɓata ta. Jiki ne da kansa ke auna abin da yake bukata. A 1995, a ƙasar Saudiyya, wasu masu ciwon sukari sun sha ɗanyar madaciyar tumaki da sunan magani, suka ƙare a gadon asibiti da raunin hanta da na ƙoda. Haka nan in hanyar ruwan ta toshe, sai ya taru ya zama dafi. Alamunsa su ne shawara, wato ido ya yi rawaya, fitsari ya yi ja kamar shayi, bayan gida ya yi fari, jiki ya riƙa ƙaiƙayi.

Abin da ke hana toho

Kututturen da ake sara ana ƙonawa kowace shekara, wata rana ba zai ƙara toho ba. Hantar da ake yi wa rauni kullum takan cika da tabo, ta taurare, wani lokaci ta kamu da ciwon daji. Manyan maƙiyanta a wurinmu biyu ne.

Na farko shi ne ciwon hanta nau'in B. Jariri 9 cikin 10 da suka ɗauke shi wajen haihuwa, da shi za su girma. Na biyu shi ne dafin fumfuna, mai suna aflatoksin, wanda ke fitowa a gujiya da masara da hatsin da suka sha laima. An gano shi ne bayan talo-talo wajen 100,000 sun mutu a Ingila a 1960. A Kenya, a 2004, mutum 125 sun rasu saboda masara mai wannan dafi. Dafuwa ba ta kashe shi, kuma yana bi ta nonon dabbar da aka ba ruɓaɓɓen abinci. In maƙiyan nan biyu suka haɗu a jikin mutum ɗaya, haɗarin ciwon daji yakan ninka har sau 30.

Abin da ya kamata mu yi

1. Mu shanya gujiya da masara su bushe ƙayau kafin a zuba su rumbu ko buhu. A ɗora buhuna bisa itace, kada su taɓa ƙasa.
2. Mu tsince ƙwayar da ta yi baƙi ko kore ko ta yamutse, mu binne ta. Kada a yi ƙuli-ƙuli da ita, kada a ba yara ko dabbobi.
3. Mu kai jarirai rigakafi a mako na 6 da na 10 da na 14. Tun 2008 allurar nan a Nijar ta haɗa da ta ciwon hanta nau'in B.
4. Kada wanzami ya yi wa mutum biyu aiki da aska ɗaya.
5. Mu guji giya da magungunan da ake talla a kasuwa. Ko farasitamol, babba kada ya wuce ƙwaya 8 masu miligiram 500 a yini.
6. Wanda ya ga alamar shawara ya tafi likita da wuri, kada ya tsaya kan jiƙe-jiƙe.

Mai gida da ya kwanta da damina, gonarsa ce ta kwanta. Hanta ta san yadda za ta gyara kanta, namu shi ne mu daina sara ta. Allah ya ba mu lafiya da damina mai albarka, amin.