Kafin Ka Kai Wa Kafinta Katako, Auna Sifikarka

A hutun da ya wuce, yayana da ke ba da hayar kayan sauti a bukukuwa a Kafin Hausa ya sayo sifika mai inci 15 daga Sabon Gari, Kano. Kafinta ya dubi wani tsohon akwati ya kwaikwaya da ido. Ranar biki aka kunna, sai ka ce ana dukan bokiti, bes kam babu. Yaya ya rantse jabu aka sayar masa. Ashe akwatin ne bai dace da ita ba.

Iskar da ke kulle cikin akwati tana tokare takardar sifika daga baya, kuma iya ƙanƙantar akwatin iya ƙarfin tokarewar. Wani injiniya ɗan Ostireliya, Neville Thiele, shi ya fito da lissafin wannan a 1961, Richard Small ya faɗaɗa shi a farkon shekarun 1970. Uku daga cikin alƙalumansu sun ishe mu: Fs, Vas da Qts.

Fs shi ne mitar da takardar ta fi saurin amsawa. Ka rataye sifikar a sarari, nesa da bango. Ka sa manhajar da ke fitar da sauti guda a wayarka, ka jona da amfilifaya, ka saka rezista mai ohm 100 tsakaninta da sifikar, sannan ka ɗora mita a kan wayoyin sifikar. Yi ƙasa da murya sosai. Ka taso a hankali daga 20 Hz. Inda boltej ya kai ƙololuwa ya fara sauka, nan ne Fs. Tamu ta ba da 40 Hz. (Sabuwar sifika tana da tauri, ka bar ta ta yi kiɗa na wasu awanni tukuna, in ba haka ba awon zai yaudare ka.)

Vas kuwa, wato yawan iskar da laushinta ya yi daidai da na sifikar, da akwatin kafintan muka same shi. Cikinsa lita 50 ne. Muka toshe duk wata kafa, muka sake awo, ƙololuwar ta haura zuwa 80 Hz. Raba 80 da 40, biyu ke nan; biyu sau biyu huɗu; cire ɗaya, saura uku; uku sau 50, lita 150. To ka ga inda matsalar take: akwatin ya ninka mitar, duk sautin da ke ƙasa da 80 Hz ya fara dushewa.

Qts ya fi wahala, daga tsayi da faɗin wannan ƙololuwar ake fitar da shi. Mun samu 0.5. Yadda akwati ya ninka Fs haka yake ninka Qts, ya koma 1.0, shi ne amon bokitin nan. Abin da ake so kusan 0.7 ne. Akwati mai lita 150 zai ninka su sau 1.41 kawai: 57 Hz da 0.7. Da Qts ɗin bai kai 0.4 ba, da akwati mai rami zan ba da shawara.

Ku da za ku yi furojet a kan wannan, kada ku kwafi abin da aka rubuta a kwali, musamman in an taɓa sake wa sifikar koyil ko takarda. Laimar damina a yankin fadamar Haɗeja ma tana shiga takardar ta ƙara mata nauyi, don haka ku rubuta watan da kuka yi awon. Yaya dai ya sayi sabon katako, har yanzu yana mitar cewa akwatin ba ya ɗaukuwa a babur.