Kunkunniyar Inji Da Maganin Da A Ke Zubawa A Tanki

Duk wanda ya taɓa bin hanyar Katsina zuwa Batsari, ko ta Dutsin-ma zuwa Safana, cikin hunturu, ya san irin ƙurar da mota ke sha. Malaman makaranta da akawunan ƙananan hukumomin nan biyu, waɗanda suka yi tattali suka sayi mota ko babur, sun sha kai kuka gun makanikai, wai abin hawansu ya rage ƙarfi, yana shan mai, ga wuyar tashi da safe. Amsar da a kan ba su ita ce kabon ya taru, sa'an nan a miƙo musu wata 'yar kwalba a ce su juye cikin tanki. To, mun ga ya kamata mu yi bayanin kwalban nan, don kada mutum ya zubad da guminsa a banza.

Shi kabon ɗin nan kunkunniya ce, irin wadda ke taruwa a rufin madafa. Fetur in ya sami iska daidai gwargwado ya kan ƙone sarai. Amma in iska ta gaza, ko man ba shi da kyau, ko kuwa baƙin mai yana zurarewa zuwa inda wuta ke ci, sai a sami saura. Sauran nan shi ke daskarewa a kan fistin da bawul da fulogi, da bakin nozul mai fesa mai, har inji ya shiga shaƙewa.

Abin da ke cikin kwalba kuwa sinadarin wanki ne, aikinsa kamar na sabulu. Wanda ya fi ƙarfi a cikinsu shi a ke kira PEA, watau irin wanda kamfanin Chevron ke sa wa cikin maganinsa mai suna Techron. A Amurka tun 1995 doka ta tilasta a riƙa sa sinadarin wanki cikin fetur kafin a sayar. Sabo da haka ba za mu ce maganin ƙarya ne ba. Na kirki ya kan narkad da datti sannu a hankali, muddin an zuba shi bisa ma'aunin da aka rubuta a jikin kwalba, aka kuma yi tafiya har man tankin ya ƙare.

Amma fa yana da iyaka. Inda fetur ya bi, nan kaɗai ya ke wankewa. Akwai motocin zamani da ke fesa mai kai tsaye cikin silinda, ba ya bi ta kan bawul ɗin shigar iska. Irin waɗannan sai an kwance an goge da hannu. Haka kuma in salansa na fid da shuɗin hayaƙi, zoben fistin ne ya cinye, ko robar bawul ta mutu, ko kwalba goma aka juye ba za ta gyaru ba. In baƙin hayaƙi ne, a fara duba matacin iska da kafireta tukuna.

Mu a nan, mafi yawan cutar daga mai da ƙura ta ke fitowa. Ba a manta ba da gurɓataccen fetur mai yawan sinadarin metanol da aka shigo da shi ƙasar nan daga Beljiyam a farkon 2022, wanda ya lalata motoci da dama. A 2021 Gwamna Aminu Bello Masari ya hana sayad da mai cikin jarka sabo da sha'anin tsaro. Da aka janye tallafin mai ran 29 ga Mayu 2023 kuwa, tsada ta sa mutane da yawa suka koma sayen lita ɗaya ko biyu a bakin hanya. Ba mu ce duk man bumburutu ne ba shi da kyau ba, amma man da ya kwana cikin buɗaɗɗen galan ba ya rasa ƙura da laimar ruwa. 

Shawararmu ke nan: a sha mai a gidan man da aka amince da shi. A kakkaɓe matacin iska a kai a kai lokacin hunturu, in ya toshe a sake sabo. A juye baƙin mai kan kari. Mai gajeriyar tafiya daga gida zuwa ofis ya riƙa miƙa hanya jifa-jifa, don inji ya yi zafi sosai ya ƙone dattinsa. Bayan duk wannan, in za a sayi magani, a karanta jikin kwalba, a tabbata hatiminta bai ɓalle ba.

Maganar ta wuce ta kuɗi. Ƙasashen nan biyu suna maƙwabtaka da Dajin Rugu, kowa kuwa ya san hanyoyinsu ba wurin da mota za ta mace wa mutum da magariba ba ne. Rigakafi, in ji masu iya magana, ya fi magani. Allah ya kai kowa gidansa lafiya, amin.