Inda Rana Ke Kwana

Duk wanda ya shigo ƙauyenmu ta hanyar kasuwa, abin da idonsa zai fara karo da shi farantan sola ne a saman gidaje, wasu a kan kwano, wasu a kan soron ƙasa an danne su da bulo kada iskar farkon damina ta kwashe. Shekara goma da suka wuce faranti ɗaya tak na sani a garin, na mai cajin waya da ke bakin tasha. Yau masallacin Juma'a yana da nasa, mai kemis yana da nasa, tela ma haka. Turakun lantarki suna nan tsaye a bakin titi, amma tun da taransifoma ta ƙone wayoyin da ke kansu sun zama wurin hutawar kurciyoyi. Janareta kuwa mutane sun fara juya masa baya ne daga ranar 29 ga Mayu, 2023, da Shugaba Tinubu ya sanar da cire tallafin mai. Litar fetur da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce dubu.

Baƙo faranti yake kallo, mai gida kuwa batir ne a ransa. Faranti mai kyau yakan yi shekara ashirin yana aiki, abin da yake so kawai a riƙa share masa ƙurar hunturu. Batir shi ne ke cinye kaso mafi tsoka na kuɗin haɗa sola, kuma shi ne ke fara mutuwa. Idan ka zauna a majalisar ƙofar gidan mai unguwa bayan isha'i, da wuya a tashi ba a yi zancensa ba: na wane ya daina riƙe caji, na wane ya kumbura, na wane ba ya kai ƙarfe ɗaya na dare inbata ta fara kuka.

Kawuna na cikin waɗanda abin ya shafa. Bayan ya sayar da riɗinsa, ya shiga Kano ya dawo da batira biyu baƙaƙe masu sheƙi. Mai shagon ya ce masa daga ƙarfen sabis aka cire su, ba su yi wani aiki ba, ga kuma lamba 200 ɓaro-ɓaro a jikinsu, kuɗinsu bai kai rabin na sabo ba. Wata na farko gida ya yi haske har asuba. Kafin wata na biyar, fanka ɗaya ma ba sa kai ta tsakar dare. Na tarar da shi zaune a zaure yana kallon su. Na ce, "Kawu, ba a ba ka takardar garanti ba?" Ya girgiza kai ya ce mini, "Ɗan nan, wa ke ba da garanti a kayan gwanjo?" Abin ya yi mini ciwo ƙwarai, domin guminsa ne na damina guda.

Wani saurayi ɗan garin, wanda ya koyo aikin sola a birni, shi ya zauna da mu ya zana lissafin a ƙasa da tsinke, kuma ina ganin wannan lissafi ya kamata kowa ya sani kafin ya sa hannu a aljihu. Batir mai bolt 12 da amfiya 200, idan ka ninka su, wat 2,400 ke nan na awa guda. Amma batirin dalma, wanda muke kira mai ruwa ko tubula, ba a shanye shi har gindi. Rabi ake sha a bar masa rabi, in ba haka ba farantan dalmar da ke cikinsa su yi tsatsar fari su daina karɓar caji. Saura 1,200. Inbata ita ma tana cin nata rabon wajen juya wutar, don haka abin da zai iso soket bai wuce dubu da ɗan ɗoriya ba. To fankar sama irin wadda muka saba tana jan wat 70 ko fiye. Ta kwana tana juyawa awa takwas, ta sha kusan 600. Fanka biyu kaɗai sun cinye batirin, ba a yi zancen ƙwai da talabijin da cajin wayoyin yara ba. Dutsen guga mai jan wat dubu kuwa bai kamata ya kusanci batir da dare ba ko kaɗan.

Da aka kai nan sai majalisa ta yi tsit, domin kusan kowa ya gane cewa shi ma da hannunsa a mutuwar batirinsa. An saye shi ne ba a ƙirga kayan da za su kwana a kansa ba, sannan aka yi ta ƙara masa lodi.

Saurayin ya ƙara mana da abin da lambar jikin batir ba ta faɗa. Takarda kowa zai iya bugawa ya manna, amma dalma tana da nauyi. Tubula na gaskiya mai amfiya 200 yakan kai kilo sittin da ruwansa, sai ƙarti biyu sun kama. Wanda mutum ɗaya zai sungume cikin sauƙi, lambarsa ƙarya ce. Sannan a duba ranar da aka ƙera shi, domin batirin dalma da ya yi watanni a shago ba caji ya fara lalacewa tun kafin a saye shi.

Sai kuma zafi, wanda a ganina shi ne babban makashin batir a ƙasarmu, kuma shi aka fi rainawa. Masu ƙera batiran nan suna auna ƙarkonsu ne a ma'aunin zafi 25. Duk ƙarin kimanin digiri goma a kan haka, batirin dalma yana rasa kusan rabin kwanansa. A watan Afrilu kuwa zafin inuwa a nan yana wuce 40, balle ɗakin kwano marar silin da rana tsaka, inda mutum ba ya iya zama minti goma. Nan ne mafi yawan mutane ke ajiye batir, don kusa yake da faranti, waya ba ta da tsawo, kuma akwai kwaɗo. Kawu ma a irin wannan ɗaki nasa suke, jikin bangon kicin. Ɗakin ƙasa mai azara da kakanninmu suka gina, wanda yanzu ake mayarwa wurin tara buhuna, ya fi kowane ɗaki a gidan dacewa da batir, muddin akwai taga, saboda mai ruwa yana fitar da iskar da kan kama da wuta yayin caji. Ruwansa kuma yana ƙafewa, dole a riƙa duba shi duk wata. Tataccen ruwa ake zuba masa. Wasu na zuba na rijiya ko na leda, gishirin da ke ciki ya ci batirin a hankali. Wasu kuma su ƙara masa asid, wai don ya yi ƙarfi, nan ma illa ce.

Yanzu litiyam ne a bakin kowa. Akwatin da aka fi kawowa, mai bolt 48 da amfiya 100, yana ɗaukar kimanin wat 5,000 na awa guda, kuma ana iya shan kashi tamanin zuwa casa'in cikin ɗari ba tare da ya ji jiki ba. Wato shi kaɗai yana aikin kusan tubula huɗu. Ba ya son ruwa, yana caji da sauri, abin da ke da amfani sosai a watan Agusta da hadari ke rufe rana, kuma mai kyau yakan jure caji da saukewa sau dubu uku ko fiye, alhali tubula da ƙyar yake wuce dubu da ɗari biyar. A cikinsa akwai wata 'yar na'ura da ke yanke wuta da kanta idan ya yi ƙasa sosai ko ya yi zafi, ita ce ke kare shi daga gangancin mai shi. Matsalarsa a ƙauye ita ce kuɗin a dunƙule ake biya, kuma sau da yawa sai an sake inbata. Shi ma bai tsira daga algus ba, akwai masu tattara tsofaffin ƙwayoyi su zuba a sabon akwati. Ni dai abin da nake gaya wa duk wanda ya tambaye ni: in da hali, ya haƙura ya tara ya sayi litiyam ƙarami a shagon da zai iya komawa da rasit a hannu. In babu, tubula ɗaya sabo da fankar sola mai jan wat 20 zuwa 30 sun fi na gwanjo huɗu.

Wadda ta fi kowa gane kan abin a garinmu wata mata ce mai sayar da ƙanƙara da zoɓo. Da kuɗin adashi ta haɗa nata, kuma faranti ta yawaita, batir ta sayi ɗan daidai. Firizarta da hantsi take kunna ta, lokacin da rana ta yi ƙarfi, ta yi ta aiki kai tsaye daga faranti har bayan la'asar. Sai ta kashe, ta lulluɓe ta da bargo, ba mai buɗewa sai ita. Ƙanƙarar da ta daskare ita ke riƙe sanyi har gari ya waye. Batir ƙwai uku da fanka ɗaya kawai yake ɗauka da dare. A azumin 2024, wanda ya faɗo cikin Maris da Afrilu, yara da kwanuka layi suke yi a ƙofar gidanta tun kafin magariba. Batirinta ya shiga shekara ta huɗu.

Abin da ke tayar mini da hankali yanzu shi ne matattun batira. 'Yan gwangwan suna zagayawa da kura suna saye saboda dalmar, kuma na ga an fasa ɗaya da gatari a bayan gida, an tsiyaye ruwan a ƙasa, awaki da yara suna wucewa ta wurin. Mutanen Zamfara sun san abin da dalma ke yi: a 2010 ƙurar dalma daga dutsen zinariya da ake niƙawa cikin gidaje ta kashe yara sama da 400. Na roƙi Kawu kada ya bari a fasa nasa a gida, ya yarda. Ranar kasuwa aka ɗora su a amalanke yadda suke, aka kai wa dillali. Kuɗin da ya samu ya ajiye, ya ce bayan kaka zai cika ya sayi wani batir. A yanzu dai ya sa an fitar da buhunan gero daga tsohon ɗakin ƙasa, an buɗe tagar da aka toshe, an kafa katako a kan bulo huɗu.